Niyyar Wa Yaro Yake Ɗauka Zuwa Ajin Turanci?

A ƙauyukan Jigawa, Katsina ko Zamfara, yaro ɗan shekara shida yakan shiga aji ɗaya na firamare bai taɓa jin wani ya yi masa cikakkiyar magana da Turanci ba. Da Hausa ko Fulatanci uwarsa take yi masa faɗa, da shi take rarrashinsa. A kasuwa da Hausa ake ciniki. A makarantar allo Larabci yake bita, malam yana gyara masa da Hausa. A takarda Turanci harshen hukuma ne a Nijeriya, amma a kunnen wannan yaro baƙo ne, baƙuntarsa ba ta gaza wadda yaron Masar ko na Turkiyya yake ji ba. Sai ga shi an tsayar da shi gaban allo ana cewa ya maimaita wasu sautuka da ba su da dangi a bakinsa. Iyaye da malamai sun daɗe suna kukan cewa yara ba su da himmar koyon Turanci, suna gama aji shida ba su iya karanta layi biyu su faɗi abin da ke ciki ba. Masana tarbiyya sukan ɗora laifin a kan dabarun koyarwa, da ƙarancin littattafai, da cunkoso a aji, kuma duk wannan gaskiya ne. Sai dai akwai tambayar da ta riga waɗannan duka, wadda ba kasafai ake yin ta ba: don me muke so yaron ya koya? Abin da nake son kafawa a nan shi ne, himmar yaro a ajin Turanci tana fitowa ne daga niyyar da manya suka ara masa, kuma niyyar da muka fi ara masa a yau, wato ya gudu daga harshen gidansu domin ya zama mutum, gurɓatacciya ce a mizanin addini, kuma ko Turancin ma ba ta samar masa.

Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san hadisin niyya, wanda Bukhari ya buɗe littafinsa da shi, Nawawi kuma ya sa shi farkon Arba'una. Ma'anarsa ita ce darajar aiki tana bin abin da mai aikin ya nufa da shi. Zarnuji, a Ta'alimul Muta'allim da almajiran ƙasar Hausa suka daɗe suna karantawa, ya ware babi guda a kan niyyar neman ilimi tun kafin ya shiga maganar zaɓen malami da aboki. Amma a nan akwai wuya, domin waɗannan duka da baligi suke magana. Yaro ba mukallafi ba ne, shari'a ta ɗauke masa alƙalami har sai ya balaga. Ɗan shekara bakwai ba zai zauna ya auna amfanin Turanci da illarsa sannan ya ƙulla niyya ba. Ashe ke nan maganar niyya ba ta da gurbi a firamare? Tana da shi, sai dai ta ƙofar manya take shigowa. Addinin da ya ɗauke wa yaro alhaki shi ne kuma ya umarci iyaye su sa shi salla yana ɗan shekara bakwai, don ya saba da aikin tun kafin ya iya riƙe ma'anarsa. A tsakanin nan niyyar iyaye da malamai ce take ɗauke da aikin, kamar yadda uwa take goya ɗan da ƙafarsa ba ta yi ƙwari ba. Yaro kuwa yana shaƙar dalilin manya ko ba su furta ba. Yana ganinsa a abin da suke yabo, da abin da suke yi wa dariya, da wanda suke miƙe wa tsaye idan ya shigo. Don haka alhakin niyyar da yake shiga aji da ita a wuyanmu yake.

Binciken masana na zamani ya zo daidai da wannan ta hanyar da ba a zata ba. A 1959 Robert Gardner da Wallace Lambert suka yi nazari a kan ɗaliban sakandare masu jin Turanci da ke koyon Faransanci a birnin Montreal na Kanada. Daga aikinsu ne aka samu rabon da ya shahara: akwai mai koyon harshe don yana son kusantar masu harshen, akwai mai koyo don biyan wata buƙata kamar aiki ko jarrabawa. An shekara da shekaru ana muhawara kan wanne ya fi ƙarfi. Amma waɗancan matasa ne. Da wata malama 'yar ƙasar Hangari, Marianne Nikolov, ta bi yaran da ita kanta ta koyar da su Turanci tun suna shekara shida har sha huɗu, tana tambayarsu dalilin koyonsu, sai ta ga ƙananan ba su kawo ko ɗaya daga cikin biyun ba. Abin da suke faɗa shi ne ajin yana da daɗi, ana wasa, ana ba da labari, suna son malamar. Wani yaro ma ya ce yana koyo ne saboda malamar gajeriya ce, kuma da wannan amsar ta sa wa maƙalarta ta 1999 suna. Maganar amfanin harshe a rayuwa ba ta fara fitowa daga bakinsu ba sai wajen shekara sha ɗaya zuwa sha biyu. Amsar yaron nan tana da hikima a cikinta: malamar da take kusa da tsawonsa tana kusa da zuciyarsa, ba ya jin tsoronta. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya lura da haka a Ihya'u, inda ya yi gargaɗi cewa hana yaro wasa da matsa masa da karatu ba hutu yana kashe masa zuciya, ya dusashe masa basira, har ya riƙa neman dabarar tserewa daga karatun gaba ɗaya. Ƙaramin yaro abin da ke kusa da shi ne yake motsa shi.

Idan haka ne, sai mu duba abin da muke ba shi. Dalilin farko da muke faɗa masa shi ne aiki da albashi: ka iya Turanci ka zama likita, ka zama babban ma'aikaci, ka sayi mota. Ba ƙarya ba ne cewa ba a shiga jami'a a Nijeriya sai da kiredit a Turanci a jarrabawa irin ta WAEC ko NECO, kuma Turanci dole ne ga kowa a jarrabawar JAMB. Amma tsakanin ɗan aji biyu da wannan ƙofa akwai shekara goma, fiye da dukan shekarun da ya yi a duniya. Alkawarin da ya yi nisa haka ba ya kama hannun yaro ya buɗe littafi yau da daddare. Sannan yaro yana da ido. Yana ganin yayansa ya gama digiri ya yi bautar ƙasa, ya dawo yana zaune a majalisar unguwa ba aikin yi, yana kuma ganin maƙwabcinsu da bai iya gaisuwa da Turanci ba ya gina bene daga cinikin atamfa a Kantin Kwari. Duk niyyar da aka gina a kan albashi kaɗai, irin wannan gani yana rushe ta a yini ɗaya, kuma ba a iya ganin laifin yaron ba, domin lissafin da muka ba shi ya bi.

Dalili na biyu ba ma faɗarsa da baki, amma ya fi na farko shiga jiki. Shi ne kunya. A makarantu da yawa, musamman na kuɗi, akwai dokar hana magana da harshen gida, wanda ake kira banakula. Monita yana rubuta sunan duk wanda ya kuskure ya yi Hausa, a ci shi tara ko a yi masa bulala. A gida kuma akan ga uba yana alfahari gaban baƙi cewa 'yarsa ba ta jin Hausa sosai. Wanda ya yi tuntuɓen harshe a Turanci a yi masa dariya a ce baƙauye ne, wanda ya kwaɓa Hausa kuwa a ce ɗan gayu ne. Wannan al'ada tana da tarihi, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai ba. Marigayi Ngugi wa Thiong'o na Kenya ya ba da labari a littafinsa na 1986 yadda a makarantun zamanin mulkin mallaka ake dukan yaron da aka kama yana magana da Gikuyu, ko a rataya masa alama a wuya mai kiran sa jaki, ana kuma sa yara su riƙa tona asirin junansu. Abin da yaro yake koya daga irin wannan ya wuce nahawu. Yana koyon cewa harshen da uwarsa take yi masa addu'a da shi abin ɓoyewa ne, kakarsa da ba ta jin Turanci ba ta san komai ba, kuma hanyar ɗaukaka ita ce ya yi nisa da su. Ibn Khaldun ya bayyana a Muƙaddima cewa wanda aka rinjaya yakan kamu da son kwaikwayon wanda ya rinjaye shi a tufafi da ɗabi'u, domin zuciyarsa ta yarda cewa kamala tana wajen wancan. Mu ne muke dasa wannan yarda a zuciyar ɗan shekara bakwai, alhali Alƙur'ani, a Suratur Rum aya ta 22, ya lissafa bambancin harsunan mutane da launukansu cikin ayoyin Allah, tare da halittar sammai da ƙasa. Wanda ya koya wa yaro raina Hausa ko Fulatanci ko Kanuri ya koya masa raina wata aya. Kuma kunya ba ta buɗe baki. Yaron da yake tsoron a yi masa dariya shiru zai yi, shi kuwa harshe da yawan magana da yawan kuskure ake iya shi.

Muna da misali a tarihinmu na yaron da ya koyi baƙon harshe da niyya mai kyau, kuma ya kamata kowane malamin firamare ya san shi. Zaidu ɗan Sabitu yana da kimanin shekara sha ɗaya lokacin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya iso Madina. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Annabi ya umarce shi ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu yana kuma rubuta musu amsa, kuma ya ƙware a cikin kamar rabin wata. Wata ruwayar ta ambaci Siriyanci. A duba abin da ya zaburar da wannan saurayi. Mutumin da ya fi so a duniya ne ya nemi ya koya. Aikin da zai yi da harshen a gabansa yake, wasiƙa ce za ta zo gobe a miƙa masa. Jama'arsa ce za ta amfana. Babu wanda ya ce masa Larabci abin kunya ne. Abubuwan da Nikolov ta gano a yaran Hangari, wato ƙaunar malami da abin da ke kusa da yaro, duk suna cikin wannan labari, tare da ƙarin da binciken zamani bai cika kula da shi ba, wato jin cewa an ba ka amana. Sannan a duba abin da ya zama. Wannan Zaidu da ya koyi rubutun wasu shi ne Halifa Abubakar ya ɗora wa tattara Alƙur'ani, shi ne kuma yake cikin waɗanda Halifa Usmanu ya sa su rubuta Mus'hafi. Baƙon harshe bai rage masa komai a wajen Littafin Allah ba.

Wani zai ce misalin bai yi daidai ba. Zaidu ya koya ne daga matsayin ƙarfi, al'ummarsa tana tasowa, mu kuwa Turanci da bindiga ya shigo mana a 1903, kuma har yau shi ne yake ɗauke da finafinai da waƙoƙi da ɗabi'un da suke cin tarbiyyar 'ya'yanmu. Me zai sa mu kunna wa yaro wutar son sa? Wannan magana tana da nauyi, kuma tana da malamai a bayanta. Ibn Taimiyya, a Iƙtida'us Siraɗil Mustaƙim, ya ƙi Musulmi su mayar da baƙon harshe abin yinsu na yau da kullum a maimakon Larabci, ya kuma kafa hujja da cewa sabo da harshe yana tasiri a hankali da ɗabi'a da addini. Na yarda da shi a kan tasirin. Amma abin da ya ƙi shi ne musanya, a ajiye wannan a ɗauki wancan ba tare da buƙata ba, kuma shi da kansa ya halatta yi wa mutane magana da harshensu idan buƙata ta kama. Musanyar nan kuwa ita ce ainihin abin da dokar banakula take yi. Saboda haka tsoron mai wannan magana ya fi dacewa ya faɗa kan niyyar kunya da na bayyana, domin ita ce take sa yaro ya ɗauki Turanci tare da duk abin da ya zo da shi, ba tacewa. Yaron da ya tsaya da ƙafarsa a harshen gidansu yana iya ɗaukar abin da yake so ya bar saura. Akwai kuma wata magana da ake yawan jingina wa Annabi, mai nuna cewa wanda ya koyi harshen wasu mutane ya tsira daga makircinsu. Malaman hadisi sun ce ba ta da asali. Ko a ma'ana ma ta yi ƙunci idan ita kaɗai za a ba yaro, domin tana koya masa cewa duk mai wani harshe abokin gaba ne, alhali a Nijeriya da Turanci zai yi magana da ɗan Ibibiyo ko ɗan Tibi da za su zauna benci ɗaya a sakandare, Alƙur'ani kuma ya sanya sanin juna ya zama hikimar rarraba mutane al'ummu da ƙabilu.

Tarihin Arewa ma ya ba da shaida. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta shahara da tsananta koyar da lafazin Turanci, amma daga cikinta Abubakar Imam ya fito, ya rubuta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Daga cikinta Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito, wanda Turawa da kansu suke yaba Turancinsa, kuma shi ne ya rubuta Shaihu Umar da Hausa. Sa'adu Zungur ya yi zurfi a Larabci da ilimin addini a gidansu a Bauci, ya je Kwalejin Yaba a Legas, ya dawo ya yi amfani da Turanci wajen jayayya da 'yan mulkin mallaka, da Hausa kuma wajen farkar da mutanensa. Waɗannan mutane sun shiga Turanci ne da cikinsu cike da harshen gida, da ruwan cikin nan kuma suka ja na rijiya.

Sai kuma uban da zai ce duk wannan maganar masu ƙoshi ce. Shi talaka ne, ya sa ɗansa boko don yaron ya samu abin da zai ci ya kuma riƙe shi idan ya tsufa, kuma ba ya jin kunyar wannan niyya. Bai kamata ya ji ba. Neman halal ibada ne, riƙe iyaye kuwa wajibi ne. Abin da nake cewa shi ne niyyar tasa tana buƙatar a faɗaɗa ta, kuma fikihunmu ya riga ya nuna hanyar. Gazali ya sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, waɗanda idan gari ya rasa mai yin su kowa ya yi laifi. Malaman usulu kuma suna da ƙa'idar cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma ya zama wajibi. A Nijeriyar yau da Turanci ake karatun likitanci a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, da shi ake rubuta dokokin ƙasa, da shi ake rubuta bayanin da ke jikin kwalbar magani da buhun taki. Garin da matansa suke mutuwa wajen haihuwa don babu likita mace ko ungozomar asibiti yana da buƙatar 'yan matan da suka iya Turanci, buƙata ta addini. Bambancin da ke tsakanin a ce wa yarinya ta koya don ta fi ƙawayenta da a ce mata ta koya don garinsu yana jiran ta, babba ne. Na farko yana mutuwa ranar da aikin gwamnati ya ƙi samuwa. Na biyu yana nan ko an samu ko ba a samu ba, kuma albashin ma yana iya zuwa a cikinsa. Idan wani ya ce yaro ba zai fahimci wannan ba tukuna, sai a tuna abin da aka ruwaito daga wasu magabata, cewa sun fara neman ilimi don wanin Allah, amma ilimin ya ƙi yarda sai ya zama don Allah. Niyya tana girma tare da mai ita, matuƙar irin da aka shuka tun farko ba ruɓaɓɓe ba ne.

Akwai masu cewa bulala ta wadatar, tun da da ita tsangaya ta fitar da mahaddata dubbai. Ba na jin bulala ce ta fitar da su. Almajiri ya san abin da yake haddacewa maganar Allah ce, gari duka yana girmama ta, ranar sauka kuma za a yi walima a yanka dabba saboda shi. Wannan ita ce himmar, bulala rakiya ta yi. Ibn Khaldun ya ware fasali a kan cewa tsanantawa ga masu koyo tana cutar da su, tana jawo kasala, tana koya musu ƙarya da yaudara don tsoron hannun da ke kansu. Shi ne kuma ya bayyana cewa iya harshe wata malaka ce da take zama a jiki ta hanyar yawan ji da yawan maimaitawa, kuma sanin dokokin nahawu daban yake da iya magana. Ana iya tilasta wa yaro ya haddace jerin kalmomi. Tilasta masa ya so yin magana kuwa ba ya yiwuwa. Kyauta ma, wadda ake ganin ita ce kishiyar bulala, tana da nata haɗarin. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford ta Amurka suka ɗauki yara 'yan shekara uku zuwa biyar masu son zane. Wasu aka yi musu alkawarin takardar yabo idan sun zana, wasu ba a yi musu ba. Bayan kwanaki, da aka bar su su zaɓi abin da suke so, waɗanda aka yi wa alkawarin sun rage zanen ƙwarai idan aka kwatanta da sauran. Abin da suke yi don daɗi ya koma aikin lada, da lada ta ƙare sai aikin ya ƙare. Malaman sufaye da suka yi dogon bayani a kan riya da neman yabon mutane ba za su yi mamakin wannan sakamako ba. Alewa da tafi suna da gurbinsu a ajin yara, amma idan suka zama su ne dalilin karatu, sun cinye dalilin.

Daɗin da yake riƙe yaro a karatu shi ne daɗin fahimta, lokacin da baƙaƙen da ke kan takarda suka koma magana mai ma'ana a kansa. Wannan daɗi ba ya samuwa ga wanda aka jefa cikin harshen da bai ji ba kafin ya iya karatu da wanda yake ji. Alƙur'ani ya faɗa a Suratu Ibrahim cewa kowane Manzo da harshen mutanensa aka aiko shi don ya bayyana musu, kuma a kan wannan sunna ce Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u suka karantar da jama'a da Fulatanci da Hausa, alhali sun ƙware a Larabci. An gwada abin a zamaninmu. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka koyar da wasu yara dukan darussan firamare da Yarbanci har shekara shida, Turanci kuma ya zama darasi guda a hannun ƙwararrun malamai. Yaran ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta tanadi a fara da harshen gida a azuzuwan farko. A Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai shi har aji shida, sai kuma a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin, yana kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawa. Hujjar ba ta gamsar ba, domin yaron da ya shiga firamare a 2022 bai isa zama jarrabawar WAEC a 2025 ba, kuma tsarin bai taɓa samun malamai da littattafan da zai tsaya da su ba. Abin da yake faruwa a ajin ƙauye sananne ne: malami ya rubuta Turanci a allo, yara su kwafa, su yi ta rerawa a bayansa, a tashi babu wanda ya san abin da aka ce.

Maganar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta malamin kansa. Sau da yawa shi ma a irin wannan aji ya tashi, Turancinsa bai zauna ba, albashinsa yana makara, yara sun haura tamanin a gabansa, wasu a ƙasa suke zaune. Neman ya zama tushen himmar kowane ɗayansu kamar ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa ne, kuma hukumomin da suka bar shi haka suna da nasu hisabin. Duk da haka akwai abubuwan da suke hannunsa da hannun iyaye, waɗanda ba su buƙatar kasafin kuɗi. Yana iya yaga takardar monita ta masu banakula. Yana iya hana dariya idan yaro ya yi kuskure. Yana iya karanta ɗan gajeren labari da Turanci, ya ce a faɗa masa da Hausa abin da ya faru, ya yaba wa wanda ya fassara da kyau kamar yadda yake yaba wa wanda ya furta da kyau. Uban da bai yi boko ba kuma yana iya yin abin da aka yi wa Zaidu: ya miƙa wa 'yarsa 'yar aji huɗu takardar asibiti, ko saƙon banki da ya shigo wayarsa, ko kwalbar maganin kakarta, ya ce ta karanta masa ta gaya masa sau nawa ake sha a rana, sannan ya saurara har ta gama, ya yi aiki da abin da ta faɗa.